Hitar da Ta Ja Mai Jego

Tun kafin wutar lantarki ta taɓa kowa a layinmu nake tsoronta. Cikin shekarun saba'in ne aka ja waya zuwa gidan hayar da muke zaune a Gyaɗi-Gyaɗi, lokacin gidajen da ke da wuta a unguwar ɗaiɗai ne, 'yar farina kuma, wadda muke kira Uwani, ta soma rarrafe ke nan. Maigidana mai aikin wayarin ne, ni Malam nake ce masa. Ran nan ya dawo da wani ƙarfe a nannaɗe kamar an jera awarwaro, da baƙin mariƙi, da doguwar waya. Ya ce sunanta hita, a sa ta a bokiti a jona, ruwa ya yi zafi ba itace ba hayaƙi. Matan gidan suka taru suna kallo suna salati. Ni ban kalli ruwan ba. Tsawon bokitin na kalla, na kalli tsawon Uwani idan ta dafa ta miƙe, na ga daidai suke.

Daga ranar, duk sanda aka jona hita a gidan, ko ba tawa ba ce, sai na goya yarinyar na ɗaure tam da majanyi, na jawo kujera 'yar tsuguno na zauna gadin bokiti har a cire. Asabe, maƙwabciyar ɗakina, takan leƙo ta ce, "Binta, ruwan nan fa ba guduwa zai yi ba." In ce mata ni ba ruwan nake tsaro ba.

Na fara da wannan ne saboda ku yaran yanzu, jikokina da abokansu masu shagon gyara, da kuke cewa hita ai waya biyu ce da ƙarfe, minti biyar an gama, in ta ƙi a jefar a sayi sabuwa. Waya biyu ce, gaskiyarku. Amma ƙarshenta ɗaya a cikin ruwa yake, ruwan kuma mutum ne zai sa hannu a ciki. Shekara ashirin da 'yan kai na yi ina wannan aiki, kullum abin da nake gudu guda ɗaya ne, kada hitar da ta bi ta hannuna ta koma gida ta kashe wani. Sau ɗaya na kusa, da wata mai jego, Rakiya. Zan zo kanta, amma sai kun ga yadda aikin yake tukuna.

Malam ne ya gaji da gadin da nake yi. Wata Juma'a bayan ya sauko daga masallaci ya shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, ya kwance tamu hitar gaba ɗaya, ya ce, "Tunda tsoronta ya hana ki sakat, zo ki ga hanjinta." Ya nuna mini wayar da ke kawo wuta da wadda ke mayar da ita. Ya nuna mini naɗaɗɗen ƙarfen nan da suke kira kwayil, ya ce a cikinsa akwai wata siririyar waya da ke yin zafi, an zagaye ta da wani farin gari don kada ta taɓa jikin ƙarfen. Sannan ya buɗe mariƙin, wato kan hitar, inda wayoyin ke haɗuwa da kwayil a ƙarƙashin wata 'yar roba. Ya ce, "Daga nan zuwa ƙasa na ruwa ne. Daga nan zuwa sama, ko ɗigo kada ya shiga." Ni karatuna na allo ne, sai aji biyu da na yi a firamare aka cire ni. Ban rubuta komai ba. Na dai kalla.

Wata shida bai bar ni na taɓa komai ba sai fulogi. In fiƙe waya da reza ba tare da na yanke ko silin tagulla ɗaya ba, in murɗa, in lanƙwasa ta bi hannun da sukuru ke ɗauruwa, in matse. Ya dawo da yamma ya fizgi wayar da ƙarfinsa. In ta motsa, ya kwance ya miƙo mini in sake. Kayan aikina duka a tsohon gwangwanin madara suke: sukuddireba babba da ƙarama, filaya, reza, salatif, guntun samfefa, da testa, 'yar sukuddirebar nan mai ƙwai a ciki da ke yin ja in ta taɓa wuta. Sai fitilar gwaji, wadda Malam ya haɗa mini a kan katako, ƙwan lantarki ne da waya biyu. In ka ɗora wayoyin a ƙafafun fulogi ƙwan ya kama, hanya a buɗe take. In ka ɗora ɗaya a ƙafar fulogi, ɗaya a jikin ƙarfen, ƙwan ya kama, to wuta na fita inda bai kamata ba, wannan hitar za ta ja mutum. Dokokin Malam biyu ne, takalmin roba a ƙafa, hannu ɗaya a baya.

Aikin farko da na yi ni kaɗai, hitar wata Hajiya Mairo ce mai sayar da atamfa. Lokacin gine-gine sun yi yawa wajen Hotoro, Malam yana fita tun safe, kayan gyara suna taruwa a zaure. An aiko da ita an ce ta mutu. Na buɗe fulogi, lafiya. Na gwada kwayil, ƙwai ya kama. Na haɗa duka na gwada, ƙwai ya ƙi. Na zauna ina murza wayar da yatsu tun daga fulogi, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, har na zo dab da mariƙi, sai na ji wajen ya yi laushi. A ciki ta tsinke, robar waje kuwa ko ƙwarzane babu. Hajiya da waya take ɗaga hitarta daga bokiti, ba da mariƙi ba. Na yanke taƙi ɗaya na sake haɗawa. Da Malam ya dawo ya fizga, ya sake fizga, ya ajiye ta gefen waɗanda aka gama. Sai ya ce a kawo masa tuwo.

Tun daga nan na riƙe tsarin da ban taɓa sauyawa ba, daga bango ake farawa a gangaro zuwa ruwa. Rabin hitocin da aka kawo mini da sunan sun mutu, ba abin da ya same su. Soket ne ya ƙone, ko fis ɗin gidan ya tsinke. Wani maigida kuma in fis ya dame shi da tsinkewa, sai ya naɗa takardar azurfar kwalin taba, ko ya cusa ƙusa, ya ce ya yi maganinsa. Na sha ganin soket ya narke ya zama kamar ƙonanniyar alewa saboda haka.

Akwai wata da aka kawo daga wani gida mai rijiya, an ce tana kuka kamar ana soya gyaɗa, kuma ruwa ba ya zafi da wuri. Kwayil ɗin ya yi farin ƙanzo, kaurinsa ya kai farce. Ruwan rijiyar wajen yana da zartsi, shi ke barin wannan. Malam da wuƙa yake kankarewa, wani lokaci ya huda ƙarfen. Ni kuwa na taɓa lura butar shayinmu ta yi fes bayan na jiƙa tsamiyar kunu a ciki. Sai na jiƙa tsamiya mai kauri a kwano, na tsoma kwayil kaɗai, kan yana waje, ya wuni. Da yamma ƙanzon ya sauka da soso. Malam ya ce, "Wannan kuma a wace makaranta?" Na ce ta bakin murhu.

Abin da ya fitar da ni daga gida kuwa, gidajen da namiji ba ya shiga ne. A Tarauni an gina gidajen ma'aikata masu hitar bango, wato tankin da ake kafewa a banɗaki, famfo ya cika shi. In ta lalace a gidan kulle, maigida yana ofis, mai gyara ba shi da hanya. Malam ya yarje mini in riƙa zuwa da rana, da mayafina da gwangwanina. Wadda ta fara nuna ni ga matan wajen wata Bayarabiya ce Kirista, ma'aikaciyar jinya, ana ce mata Mama Folake. Tata hitar tafasa take yi har famfo ya riƙa tofar da tururi. Akwai wani ɗan siririn ƙarfe a jikin tankin mai kashe wutar da kansa in ruwa ya kai zafin da aka sa masa, shi ne ya maƙale. Na kashe wutar gidan gaba ɗaya, na zare shi, Malam ya samo sabo a kasuwa, washegari na sa. Ta tsaya tana kallona, hannu a ƙugu, ta ce da Hausarta, "Ke Binta, injiniya ne ke, amma kina tsoro kamar kaza." Don sau uku na koma na duba ko na kashe wutar.

Sai shekarar da ruwa ya yi wuya ta zo. Damina ba ta yi kyau ba, rijiyoyi suka ja baya, famfo sai ya kwana uku bai ɗiga ba. Wannan ita ce muguwar shekarata. Matan gidajen ma'aikata sukan kunna hitar bango alhali tankin ba kowa, kwayil ya ƙone cikin ɗan lokaci. Masu bokiti kuma suna tattalin ruwa, a zuba rabi, rabin kwayil a waje, ya yi ja ya fashe. In sa sabo yau, jibi a dawo da shi baƙi ƙirin. Aka soma cewa hannun matar nan ba shi da kyau, dama mace ina ita ina wuta. Aiki ya ragu har na koma ƙulla gyaɗa. Abin da shekarar ta bar mini, ban ƙara son in buɗe abin da ban ga laifinsa ba, don kada a ce ni na ɓata. Wannan tsoron ne ya kusa jawo abin da ya fi shi.

Itace ma ya yi tsada a shekarar. Shi ya sa Idi, wani direban tifa da ke zaune wajen Babban Giji, ya sayi babbar hita sabuwa da matarsa Rakiya ta haihu. Haihuwarta ta biyu ce, ba ta tafi gida ba, sai aka ɗauko ƙanwar babansa daga ƙauye, Goggo Dije, ta zo yi mata wankan jego. Ku da kuka taso yanzu, wanka ne na kwana arba'in, safe da yamma, da ruwa mai tsananin zafi da aka dafa da ganyen darbejiya, ana tsoma damin ganye ana fyaɗa wa jiki. Itacen da yake ci ba kaɗan ba ne.

Kwana tara da haihuwa Idi ya kawo hitar zaure da safe, zai wuce aiki. Ya gaya wa Malam, ni ina ji daga ciki, "Mai jegon ta ce wai ta ja ta. A duba mini don Allah." Ta wuni a zaure, sai bayan azahar na samu kanta. Na gwada da fitila, hanya lafiya. Na gwada jikin ƙarfen, ƙwai bai ko ƙyafta ba. Na sa ta a bokitina ta tafasa ruwa, na taɓa bakin bokitin da testa, shiru. Na ce a mayar, ba abin da ya same ta.

Bayan kwana uku Goggo Dije ta kawo ta da kanta, ta ɗoro a ka cikin tsakar rana, a naɗe a tsumma. Gajeriyar tsohuwa ce mai ƙarfin murya, da takalmin taya a ƙafarta. Muka gaisa, na ba ta ruwa, ta zauna ta miƙe ƙafa.

"'Yar nan, ke ce mai gyaran? To ga shi, Idi ne ya matsa, amma ni na san ba abin da ya sami ƙarfen nan. Yarinyar ce ke tsoron ruwan zafi. 'Ya'yan birni! Yau ciwon kai, gobe jiri, yanzu kuma wai wuta ta ja ta. Ni da nake ɗaga murfin kullum me ya sa ba ta ja ni ba? Ko wutar ma ta san manya?"

Na ce, "Goggo, ina ta ce ta ji?"

"Wai tun daga yatsu har kafaɗa. Na ce ai jego ne, jijiyoyi ba su koma ba. Mata nawa na yi wa wanka? Ba wadda ta kumbura a hannuna. Ba zan fara a kan matar Idi ba."

Na sake gwadawa a gabanta, yadda na yi da farko, komai lafiya. Na kwance ɗan sukurun da ke riƙe waya a jikin mariƙi don in ƙara matse shi, na riƙe shi a leɓe kamar yadda na saba, na ji ɗaci, na tofar, na ci gaba. Kan hitar kuwa ban buɗe ba. Sabuwa ce, fentin kamfani na nan a bakin sukurorin, na ce a raina in na buɗe ta lalace daga baya, ni za a kama. Na miƙa mata na ce lafiya lau take. Ta ce, "Kin ji ko! Bari in je in gaya mata mai abin ma ta faɗa." Kun ga ke nan, da bakina na ba tsohuwa abin da za ta rufe bakin yarinyar da shi.

Hankalina bai kwanta ba, amma ban san dalili ba. Washegari bayan azahar ina zaune a tsakar gida ina ba ƙanin Uwani nono. Akwai darbejiya a ƙofar gidanmu. Uwani, lokacin tana da shekara uku da wani abu, ta tsinto ganye ta tauna, ta shigo da gudu tana tofarwa tana kuka, "Ɗaci! Ɗaci!" Asabe na dariya tana ba ta ruwa. Ni kuwa sai na ji ɗacin jiya ya dawo mini a leɓe. Sukurun mariƙi. Me ya kai darbejiya mariƙi, wajen da ko ɗigo bai kamata ya taɓa ba?

Na dubi inuwar katanga, la'asar ta kusa, lokacin wankan yamma ke nan. Na goya jaririn, na damƙa wa Asabe Uwani, na ɗauki gwangwani. Ta ce, "Lafiya? Ko mayafin a bai-bai kika yafa." Na ce in Malam ya riga ni dawowa ta ce ina gidan Idi direba.

Daga gidanmu zuwa Babban Giji da ɗan tafiya, lokacin akwai gonaki a tsakani. Ban tsaya gaisawa da kowa ba. Na yi sallama na shiga kafin a amsa. Abin da na gani ke nan. Rabin durom na ƙarfe a kan daɓen siminti a ƙofar banɗaki. An rufe bakinsa da babban faranti, an ɗora buhun algarara biyu a sama, an danne da dutse. Waya kaɗai ce ta fito ta ƙarƙashin farantin ta nufi soket a ɗaki. Hitar gaba ɗayanta, har da kanta, tana ciki, an rataye ta a sanda. Tururi na fita ta gefe, siminti ya jiƙe sharkaf. Goggo na zaune a kan turmi da aka kifa, da takalminta na taya, ƙafafun a kan wani katako. Rakiya kuwa, doguwar yarinya siririya, da ɗaurin ƙirji, ƙafa ba takalmi, tana tsaye cikin jiƙaƙƙen simintin ta ƙura wa durom ido.

Goggo na cewa, "Ɗaga mana! Ko so kike ya huce? Mai gyara ta ce lafiya lau."

Rakiya ta miƙa hannu.

Na ce, "Rakiya, tsaya. Kada ki taɓa. Ja da baya."

Ban yi ihu ba, don kada ta firgita ta dafa durom ɗin. Ta tsaya, hannu a sama. Na bi ta busasshen waje na shiga ɗakin na zare fulogi, na fito da shi a hannuna yadda kowa zai gani.

Goggo ta ce, "Ikon Allah. Ke ba jiya kika ce lafiya take ba?"

Na ce, "Na faɗa, Goggo. Kuskure na yi."

Na sauke dutse da buhuna, na ɗaga faranti da tsumma. Ƙasan farantin duk gumin tururi ne, yana ɗiga daidai kan mariƙin. Na zaro hitar, na bari ta ɗan sha iska, na zauna a busasshiyar tabarma na kwance sukurorin da na ƙi kwancewa jiya. Ina buɗe kan, wani koren ruwa ya zubo mini a tafin hannu, mai warin darbejiya. 'Yar robar nan ta dahu ta yi laushi kamar tuwon jiya, bakin wayoyin ya yi tsatsa kore. Na nuna musu. A gidana ba ta taɓa nuna laifi ba saboda kafin ta iso ta sha rana a hanya, ta bushe, ni kuma a buɗaɗɗen bokiti nake gwada ta, kanta a waje. A nan kuwa tun hantsi ake jona ta, ta wuni a rufe cikin tururi.

Goggo ta leƙa ta taɓe baki. "To ni da nake ɗaga farantin nan da safe?"

Na ce, "Da takalmi kike ɗagawa, a kan katako."

"Ai sanyin ƙafa gare ni, ba na taka jiƙaƙƙen siminti."

"Shi ya tsare ki. Ita kuwa ƙafarta a ƙasa take, cikin ruwa."

Na ga ba ta gamsu ba, kuma na san in na fita a haka, gobe za a ari hitar maƙwabta a yi yadda aka saba. Sai na yi abin da ban so ba. Na mayar da kan yadda yake da jiƙarsa, na rataye hitar a durom, na sa kowa ya koma bakin ƙofar ɗaki, na ba Rakiya jaririna ta riƙe. Na hau katakon Goggo da takalmina, na ce wa wata matar gidan ta jona ta tsaya nan kada ta motsa. Hannu ɗaya a baya, na ɗora testa a bakin durom. Ƙwan ya yi ja. Ko da hasken la'asar ana ganinsa.

Na ce, "Goggo, kin ga wannan? Abin da ke shiga hannunta ke nan."

Aka zare. Tsohuwa ta juya wajen Rakiya ta ce, "To ke ma ai sai ki faɗa da ƙarfi."

Rakiya ta sunkuyar da kai ta ce, "Goggo, sau huɗu na faɗa."

Goggo ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta ce da ni, "Amma fa ki sani, in ba a rufe ba, maganin ganyen bin tururi zai yi ya gudu. Ruwan banza za a yi mata wanka da shi? Sanyi ya shige ta, wa za a tambaya?"

Ban yi mata gardama ba, don ita ma tsoro take ji irin nawa, kada wadda aka damƙa mata ta lalace a hannunta. Muka zauna muka yi ciniki kamar a kasuwa. Na ce hita za ta dafa ruwa tsura, kanta a waje a ɗaure a bakin durom, a rufe rabi da katako ta ɗaya gefen. In ya yi zafi a zare fulogi, a cire ta a rataye a ƙusa. Ta ce ganye fa? Na ce ta dafa shi daban a ƙaramar tukunya a murhu, ta rufe yadda take so, ko buhu goma ne, itace uku ya isa, sannan ta juye a durom ta mayar da farantinta. Ta ce ƙaramar tukunya ba za ta ɗauki ganyen da take so ba. Matar da ta jona mana ta ce za ta ara mata ta dambunta. Goggo ta ce to, za ta gani.

Wankan ranar ba a fasa ba, ruwan na nan da zafinsa, kuma ba wuta a ciki. Ina haɗa kayana ina jiyo fyaɗar ganye daga banɗaki, da muryar Goggo tana cewa, "Yi haƙuri, 'yar nan, saura kaɗan." Matar gidan ta raɗa mini cewa yau ne farkon jin Goggo ta ce wa Rakiya haka.

Na tafi da hitar gida. Na shanya kan kwana biyu, na goge bakin wayoyin da samfefa, na yanka sabuwar roba daga tsohon tiyub ɗin keke, na gwada ta a jiƙe na gwada ta a bushe. Na kai da kaina, na kafa ƙusar da za a riƙa rataye ta, nesa da inda yaro zai kai. Da na gaya wa Malam duk yadda aka yi, tambaya ɗaya ya yi mini, "Me ya hana ki buɗe kan tun farko?" Na ce tsoron a ce na ɓata. Ya ce, "Ai na ɗauka wani tsoron ne ya kawo ki aikin nan." Gaskiya kuwa ya faɗa.

Da suka yi arba'in Rakiya ta biyo ta gidanmu yawon gaisuwa, ta yi jajir ta murmure, jaririyar a baya, Goggo na biye da ita riƙe da lema. Tsohuwa ta ajiye mini ƙullin daddawa ta ce, "Ga shi, mai jan ido," testata take nufi. Da za su tafi ta tsaya a gaban bokitin Asabe da aka jona wa hita, ta leƙa, ta ce, "Ke, kan nan ya yi kusa da ruwa." Asabe ta kalle ni, ta ce yanzu masu gadin bokiti mun zama biyu.

Bayan wannan, ba hitar da ta sake fita daga hannuna ban buɗe kanta ba, sabuwa ko tsohuwa. Kuma ba na taɓa sukuddireba sai na tambayi a me ake sa ta, da me ake rufewa, wa ke ɗiban ruwan, da takalmi ko babu. In amsar ba ta gamsar da ni ba, in yafa mayafi in je in gani. Yanzu idona ya yi rauni, gwangwanin na wajen jikana, ya cika shi da na'urori masu lambobi da ban san kansu ba. Sun fi fitilata, ban musa ba. Amma a teburin shago suke gwaji, ba a ƙofar banɗakin mutane ba.

Roƙona gare ku, masu gyara da masu amfani, ba shi da yawa. Ku zare fulogi kafin hannu ya kusanci ruwa, ko da sauri kuke. Kuma in wani ya ce muku ta ja shi, ko yaro ne, ko mai jego ce da kuke zaton wanka take gudu, ku yarda da shi tun a faɗar farko, ku je ku duba.